KALMOMIN TURANCI MASU NUNA ABIN DA BA SAFAI YAKE AUKUWA BA

Gabatarwa

Turanci shi ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya dace. Da Turanci ake rubuta takardar da ke cikin kwalin magani, da fom ɗin banki, da rahoton makaranta, da shari'ar manyan kotuna. Saboda haka ko mutumin da bai yi zurfi a karatun boko ba, ba ya rasa ranar da wata kalmar Turanci za ta shafi lafiyarsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa.

Daga cikin kalmomin da suka fi rikitar da Bahaushe mai koyon Turanci akwai wani rukuni na 'yan ƙananan kalmomi waɗanda aikinsu shi ne su nuna cewa abu yana aukuwa, amma aukuwarsa kaɗan ce. Su ne irin su "seldom" da "rarely" da "hardly ever" da "scarcely" da "occasionally". Abin da ya sa suke da wuyar sha'ani shi ne, a Hausa idan za a rage yawan aukuwar abu, galibi sai an kawo "ba" ta korewa, a ce "ba safai yake zuwa ba" ko "bai cika zuwa ba". Da jin "ba" mai sauraro ya san inda maganar ta dosa. A Turanci kuwa kalma ɗaya tak ke ɗauke da wannan nauyi, babu "not" babu "no", har mai karatu ya wuce ta bai lura ba, ya fahimci akasin abin da aka rubuta.

An shirya wannan darasi domin 'yan makaranta da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da tafintoci, da duk magidancin da ake kawo masa takarda ya karanta wa iyali ko maƙwabta. An ɗauko yawancin misalai daga birnin Bauchi da kewayensa, garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, wanda ya zama hedkwatar jiha a 1976. Gari ne mai tarihi wajen koyar da Turanci, gama a Makarantar Midil ta Bauchi ne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar kafin ya shiga siyasa, a nan kuma Malam Aminu Kano ya yi aikin malanta a farkon shekarun 1940.

1. Tsanin kalmomin

Ya kamata a ɗauki waɗannan kalmomi kamar matakan tsani, daga abin da ke aukuwa kullum zuwa abin da ba ya aukuwa sam. Ga jerinsu daga sama zuwa ƙasa:

always: kullum, ko yaushe
usually: galibi, bisa al'ada
often: sau da yawa
sometimes: wani lokaci
occasionally: jefi-jefi, loto-loto
seldom, rarely: ba safai ba, ba kasafai ba
hardly ever, scarcely ever: da wuya ƙwarai, kusan babu
never: sam, ko sau ɗaya, faufau

Ruwan sama a Bauchi ya isa ya bayyana tsanin duka. A watan Agusta, tsakiyar damina, sai a ce "It often rains in August", watau ana yawan yin ruwa. A watan Afrilu sai a ce "It occasionally rains in April", watau akan samu ruwa jefi-jefi. A watan Janairu kuwa, lokacin hunturu da hazo, sai a ce "It hardly ever rains in January", watau da wuya ƙwarai a ga ko yayyafi.

Sai dai a lura, waɗannan matakai ba su da tsayayyen lissafi a maganar yau da kullum. A Amurka wani malami mai suna Ray Simpson a 1944, da wani mai suna Milton Hakel a 1968, sun nemi ɗalibai su faɗi sau nawa cikin 100 kowace kalma take nufi, sai aka tarar amsoshinsu sun sha bamban, alhali kuwa Turanci harshensu ne na haihuwa. Darasin da ke cikin wannan shi ne, inda magana ta shafi rai ko kuɗi ko shari'a, kada a tsaya a kan kalma kawai, a nemi adadi.

2. "Seldom" da "rarely"

Waɗannan biyu ma'anarsu ɗaya ce, watau "ba safai ba", ko "bai cika ba", ko "bai faye ba". Malaman da suka yi karatun Larabci sukan ce "nadiran". Bambancinsu na asali ne da na wurin amfani. "Seldom" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, 'yar'uwar "selten" ta Jamusanci, an fi samunta a rubuce cikin littattafai da takardun hukuma. "Rarely" kuwa ta fito daga "rare", wadda tushenta Latin ne, ita ce kuma aka fi ji a baki a wannan zamani.

Visitors rarely see lions at Yankari.
Ba safai masu ziyara suke ganin zakuna a Yankari ba.

He seldom goes to Wunti Market.
Bai cika zuwa Kasuwar Wunti ba.

Jimlar farko ba ta ce babu zaki a gandun dajin Yankari ba, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Ta ce ganinsa ne ke da wuya. Jimla ta biyu ma ba ta ce mutumin ya ƙaurace wa kasuwa ba. Yana zuwa, sai dai akan daɗe ba a gan shi ba. Wanda ya fassara "rarely" da "sam" ya yi ƙari, wanda kuma ya tsallake ta ya juya maganar gaba ɗaya.

Akwai kuma wani tarko na furuci. "Rarely" da "really" suna kama da juna a kunne, musamman a rediyo ko a waya, amma sun yi hannun riga. "It really works" yana nufin lalle yana aiki, "It rarely works" kuwa yana nufin ba safai yake aiki ba. Mai sayen injin ban-ruwa ko janareto da ya ji ɗaya a madadin ɗaya ya san hasarar da zai tafka.

3. "Hardly" da "scarcely" da "barely"

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ɗalibi ya koyi cewa "quick" takan zama "quickly", "slow" ta zama "slowly", sai ya ɗauka "hard" ma takan zama "hardly". Ba haka ba ne. "Hard" ita kanta ke nufin "da himma" ko "da ƙarfi". "Hardly" kuwa tana nufin "da ƙyar" ko "kusan babu". A dubi waɗannan:

He works hard.
Yana aiki tuƙuru.

He hardly works.
Kusan ba ya aikin komai.

A ɗauka shugaban wani ofis ya so ya yabi akawunsa a takardar shaida domin ƙarin girma, sai ya rubuta jimla ta biyu da nufin ta farko. Ya kashe wa bawan Allah gaba da alƙalaminsa, shi kuma yana ganin ya yi masa alheri. Haka nan uban da ya ga "She hardly attends classes" a rahoton 'yarsa kada ya ɗauka yabo ne. Ana gaya masa ne yarinya ba ta zuwa aji sai can ba a rasa ba.

"Hardly" ita kaɗai tana nuna ƙarancin abu ko wuyarsa, kamar a ce "I can hardly see the road", watau da ƙyar ake ganin hanya saboda hazo. Idan aka haɗa ta da "ever" sai ta koma nuna ƙarancin aukuwa: "The tap hardly ever runs", watau da wuya ƙwarai famfon ya kawo ruwa. Idan aka haɗa ta da "any" sai ta nuna ƙarancin adadi: "There is hardly any millet left", watau gero ya kusa ƙarewa ƙaf. "Scarcely" tana yin duk waɗannan ayyuka, sai dai ta fi dacewa da rubutu. "Barely" kuwa ta fi karkata ga abin da ya isa da ƙyar: "He barely passed" yana nufin ya ci jarrabawa, amma da jan ciki.

Akwai wani gini kuma da "hardly" da "scarcely" suke shiga wanda bai shafi yawan aukuwa ba ko kaɗan: "Hardly had the train arrived when the rain began." Ma'anarsa, isowar jirgi ke da wuya sai ruwa ya kece. Abin sha'awa, Hausa ma "wuya" take amfani da ita a wannan wuri. A tuna dai abokiyar "hardly" a nan ita ce "when", ita kuwa "than" abokiyar "no sooner" ce.

4. "Occasionally" da danginta

"Occasionally" tana sama da "seldom" a kan tsani, kuma akwai bambancin manufa tsakaninsu. Mai cewa "occasionally" yana tabbatar da aukuwar abu ne, ko da kaɗan. Mai cewa "seldom" yana nuna ƙarancinsa ne, har ma da ɗan ƙorafi. Mutum biyu za su iya ba da labarin ɗa ɗaya mai zuwa gaida iyayensa sau uku a shekara, ɗaya ya ce "He visits them occasionally", yakan dai leƙo su, ɗaya ya ce "He seldom visits them", bai cika leƙo su ba. Adadin ziyara ɗaya ne, amma na farko ya wanke shi, na biyu ya zarge shi. Wajibi ne mai fassara ya kiyaye wannan.

Dangin "occasionally" su ne "now and then" da "from time to time" da "once in a while" da "every so often". Dukansu suna daidai da "loto-loto" ko "sa'i-sa'i". "On and off" kuwa na abin da ke yi yana tsayawa ne, kamar zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Sa'an nan a rarrabe kalmomi uku masu kama da juna a rubuce. "Sometimes" wani lokaci ke nan, abin da akan yi. "Sometime" wata rana ce da ba a ƙayyade ba, kamar a ce "Come sometime next week". "Some time", a rabe, ɗan tsawon lokaci ne, kamar a ce "It will take some time", zai ɗan ɗauki lokaci.

5. Ƙa'idoji huɗu na nahawu

Ta ɗaya, mazauni. Waɗannan kalmomi suna zuwa kafin aikatau: "She rarely complains." Idan aikatau ɗin "is" ne ko "are" ko "was" ko "were", sai su biyo bayansa: "He is seldom late." Idan akwai mataimakin aikatau, sai su shiga tsakani: "We have rarely seen such a harvest."

Ta biyu, ba a haɗa su da "not". Tun da "seldom" da "rarely" da "hardly" suna ɗauke da korewa a cikinsu, kuskure ne a ce "He doesn't hardly come" ko "I can't hardly hear". Daidai shi ne "He hardly comes" da "I can hardly hear". Bahaushe yana faɗa wa wannan rami ne domin harshensa ya saba masa da "ba" a irin wannan jimla, sai ya ji kamar Turancin bai cika ba idan babu "not".

Ta uku, 'yar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Tun da jimlar korarriya ce, tambayar sai ta zo a tabbace: "He seldom comes, does he?" Ba a cewa "doesn't he" a nan. Amma da "occasionally", wadda ba ta da korewa, sai a ce "He comes occasionally, doesn't he?" Masu zaman jarrabawar WAEC da NECO da JAMB su riƙe wannan da kyau, domin irin tambayar da ake gwada ɗalibi da ita ke nan.

Ta huɗu, idan aka fara jimla da ɗaya daga cikin kalmomin korewa domin ƙarfafa magana, sai tsarin jimlar ya juya kamar na tambaya: "Seldom have we seen such a crowd", ko "Rarely does it rain in December". Wannan salo na jawabi ne da rubutun hukuma, ba a faye jin sa a hira ba.

6. "Few" da "a few", "little" da "a little"

Waɗannan na adadi ne, amma halinsu ɗaya da na waɗanda suka gabata. Harafin "a" kaɗai ke sauya manufa. "Few farmers came" yana nufin manoma ba su zo ba sai 'yan tsiraru, taro bai yi armashi ba. "A few farmers came" yana nufin an samu wasu sun zo. Haka "little hope" fata ce da ta kusa yankewa, "a little hope" kuwa da sauran fata. Likita da ya faɗi ɗaya bai faɗi ɗayar ba. "Few" ta abin da ake ƙirgawa ce, kamar buhu da mutum, "little" ta abin da ba a ƙirgawa ce, kamar ruwa da lokaci.

Abin mamaki, "quite a few" ba kaɗan take nufi ba, tana nufin da dama. Haka "not uncommon" da "not infrequently", korewa biyu da suka haɗu suka haifi tabbatarwa, watau abin yana aukuwa da ɗan yawa.

7. Maganganun azanci

Mafi shahara shi ne "once in a blue moon", wanda Bahaushe zai ce "sai an shekara da shekaru". Abin da Turawa ke kira shuɗin wata a yau shi ne wata ya cika sau biyu a cikin watan Bature guda. Tsakanin cikar wata da cikar wata kwana 29 da rabi ne, watannin Bature kuwa, ban da Fabrairu, kwana 30 ne ko 31, saboda haka akan samu wannan dacewa kimanin sau ɗaya a shekara biyu da rabi zuwa uku. An samu a Oktoban 2020, ranar 1 da ranar 31, an kuma samu a Agustan 2023. A lissafin Hijira wannan ba ya yiwuwa, domin kowane wata cikarsa ɗaya ce, a tsakiyarsa. Launin watan ba ya sauyawa a irin wannan dare, ko da yake bayan aman wutar dutsen Karakatowa a Indonesiya a 1883 ƙurar da ta cika sama ta sa mutane sun ga wata ya yi shuɗi-shuɗi.

"Once in a lifetime" abin da mutum zai gani sau ɗaya a rayuwarsa ke nan, kamar tauraruwar Halley mai wutsiya, wadda ta bayyana a 1910 da 1986, ana kuma sa ran dawowarta a 2061. "Few and far between" na abubuwan da suke tsilli-tsilli ne, kamar rijiyoyi a cikin daji. "Seldom if ever" kuwa tana dab da "never", watau in ma yana aukuwa to da wuya.

8. Kalmomi masu ƙayyadadden lokaci

Waɗannan ba su da shakka a cikinsu, sai dai ana rikita su. "Every other day" yana nufin a yi yau, a tsallake gobe, a yi jibi. "Twice daily" sau biyu a rana ne, "once in two days" sau ɗaya a kwana biyu. Wanda ya musanya waɗannan biyu ya sha magani ninki huɗu na abin da aka umarce shi, ko kashi ɗaya cikin huɗu. "Fortnightly" kowane mako biyu, "quarterly" kowane wata uku, "annually" kowace shekara. "Biannual" sau biyu a shekara, "biennial" sau ɗaya a shekara biyu. "Bi-monthly" kuwa ko Turawa ba su daidaita a kanta ba, wasu na nufin sau biyu a wata, wasu sau ɗaya a wata biyu, don haka duk wanda ya gan ta a yarjejeniyar biyan bashi ko haya ya nemi a rubuta masa ranakun filla-filla.

A nan ya dace a ja kunne game da "severally". Mutane da yawa a ƙasar nan suna amfani da ita da nufin "sau da yawa". A daidaitaccen Turanci ma'anarta "kowa a kan kansa". Idan fom ɗin lamuni ya ce masu tsayawa sun ɗauki nauyi "jointly and severally", ana nufin banki yana da ikon bin su a haɗe, yana kuma da ikon kama mutum ɗaya daga cikinsu ya biya bashin dukansa. Kada kowa ya sa hannu bai san wannan ba.

9. Takardar cikin kwalin magani

Akwai wurin da aka yanka wa waɗannan kalmomi adadi, watau wajen bayyana illar da magani kan iya haifarwa. Kamfanonin magani da yawa suna bin wani ma'auni na ƙasa da ƙasa kamar haka:

very common: mutum 1 cikin 10 ko fiye
common: daga 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 10
uncommon: daga 1 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 100
rare: daga 1 cikin 10,000 zuwa 1 cikin 1,000
very rare: ƙasa da 1 cikin 10,000

Ke nan idan mutum 100,000 suka sha wani magani, illar da aka kira "rare" za ta iya samun tsakanin mutum 10 da mutum 100 daga cikinsu. Akwai darasi biyu a nan. Na farko, kada dogon jerin illoli ya firgita majinyaci ya bar shan maganin da likita ya rubuta masa, tun da akasarinsu ba su samun yawancin mutane. Na biyu, "rare" tana maganar yawan aukuwa ne kawai, ba ta ce komai a kan tsanani ba. Allurar fenisilin, alal misali, ba safai take tayar wa mutum da mummunar illa ba, amma idan ta tayar takan iya kisa cikin mintoci. Duk wanda ya sha magani ko aka yi masa allura, ya ga fuska ko leɓe ko maƙogwaro sun kumbura, ko numfashi ya sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya cewa ai takarda ta ce "rare". A kuma duba lambar rajistar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a jikin kowane kwali.

Haka kuma wanda ya raka majinyaci asibiti domin ya yi masa tafinta ya kula da amsa. Idan likita ya tambaya, "Baba, ciwon ƙirjin nan kullum ne, ko kuwa jefi-jefi?" dattijo ya ce, "Likita, yakan dai taso mini in na hau tudu," to "occasionally" ke nan ko "sometimes", tare da bayanin tudun. Idan aka rubuta "rarely" an rage nauyin maganar, wataƙila har a fasa gwajin da ya kamata a yi.

10. Sanarwar lafiya da ta yanayi

Ma'aikatan lafiya suna da nasu tsanin. "Sporadic" cuta ce mai bayyana ɗaiɗai, nan da can. "Endemic" wadda ta zauna a ƙasa, ba a rabuwa da ita, kamar zazzaɓin cizon sauro. "Outbreak" da "epidemic" ɓarkewa ce da annoba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, zaunanne ne a Nijeriya, ya fi tashi da rani, kuma Jihar Bauchi tana cikin jihohin da rahotannin Hukumar NCDC suka nuna sun fi fama da shi a shekarun 2020. Don haka jin cewa an samu "sporadic cases" ba dalilin sakaci ba ne wajen rufe abinci da korar ɓeraye.

Cuta tana iya saukowa daga saman tsani har ƙasa idan jama'a suka ba da haɗin kai. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyi sai ya zama "rare", aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar a 2013.

A sanarwar Hukumar NiMet kuwa, manomi ya rarrabe kalmar lokaci da kalmar wuri. "Occasional rain" ruwa ne mai zuwa yana ɗaukewa. "Isolated thunderstorms" hadari ne da zai zuba a wurare ƙalilan, ana iya sheƙa shi a Yalwa, Ƙofar Ran kuwa ko ɗigo. "Scattered" ya fi "isolated" yaɗuwa, "widespread" kuma kusan ko'ina.

11. A gaban alƙali

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'a da shi ba. Amana ce babba a wuyan tafinta. Shaidan da ya ce "ban cika ganinsa a wurin ba" ya ce "I seldom see him there". Idan aka fassara da "I never see him there", gobe aka kawo hujjar sun haɗu sau ɗaya, sai a ɗauki shaidan maƙaryaci alhali gaskiya ya faɗa. Haka "I hardly know him" yana nufin sanin shanu ne kawai tsakaninsu, bai kai "I do not know him" ba. Wanda ɗan sanda ya rubuta masa bayani da Turanci ya nemi a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

12. Aikin gwaji

A. A fassara zuwa Hausa:
1. The clinic is seldom closed.
2. There were hardly any buyers at Muda Lawal Market.
3. Take one tablet every other day.
4. Quite a few pupils passed.

B. A gyara kuskure:
5. She doesn't rarely travel to Jos.
6. He hardly eats meat, doesn't he?
7. Seldom we hear such news.

Amsoshi:
1. Ba safai ake rufe asibitin ba.
2. Kusan babu masu saye a Kasuwar Muda Lawal.
3. A sha ƙwaya ɗaya yau, a tsallake gobe, a sha jibi.
4. Ɗalibai da dama sun ci jarrabawa.
5. She rarely travels to Jos.
6. He hardly eats meat, does he?
7. Seldom do we hear such news.

Kammalawa

Wanda ya ci biyar daga cikin bakwai ya kama hanya, wanda ya gaza haka ya koma kan kashi na 3 da na 5. Mai son ƙarin bayani ya nemi ƙamus na Turanci da Hausa, kamar na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman wanda ya fito a 1990, ya riƙa duba kalma tare da misalanta. Ana roƙon malaman makarantu da na ajin yaƙi da jahilci su karanta wannan darasi tare da ɗalibansu, su sa kowa ya kawo takardar magani ko fom daga gida a nemo waɗannan kalmomi a ciki. Duk wanda kuma takarda ta shige masa duhu, ya tambayi likita ko mai ba da magani ko lauya ko jami'in watsa labarai mafi kusa da shi kafin ya sha ko ya sa hannu, domin matambayi ba ya ɓata.